Daga Tiga Zuwa Gashuwa: Wa Ke Rabon Ruwan Kogin Haɗeja?

A shirinmu na musamman na yau za mu bi ruwa ne tun daga Kano har iyakar Nijar, mu ji yadda kogi ɗaya ke raya gonar wani, ya cinye ta wani, ya bar wani da busasshen yashi.

(Kiɗa)

Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Ya ratsa Wudil da Ringim, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya gamu da Kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos. Daga nan sai sunan ya koma Komadugu Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya raba Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

A da can, kogin nan yana da lokaci. Da damina ya cika ya malala fadamu, manomi ya yi shinkafa, masunci ya jefa koma. Ruwa na janyewa a bi danshi a shuka wake, da rani kuma makiyaya su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Kowa ya san lokacinsa.

Sai aka shiga shekarun fari. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa ta biyo baya. Babu mai musun alherinsu. Tumatir da alkama da shinkafar da ake nomawa da rani a Kadawa, Kura da Bunkure, da ruwan da matatar Tamburawa ke tura wa birnin Kano, duk albarkar Tiga ce.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Da aka tare kogin, cikar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Hanyoyin ruwan da ke bushewa da rani suka daina bushewa, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a wajejen Nguru ya san ta: ta fi mutum tsawo, saiwarta ta kama laka gam, ka sare ta da adda bana, baɗi ta dawo ta fi da. Tana tare yashi, ta toshe hanya. Ruwan da ya kamata ya nufi Gashuwa sai ya karkata ta hanyar ruwan Marma ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, na ƙasa kuwa suna zuba ido. A cikin kachalar kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana. Tun asuba za ka ga yara a bakin gonar shinkafa suna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, suna ihu har maƙogwaro ya bushe, a lokacin da ya kamata suna aji.

(Kiɗa)

Wannan ne ya sa batun gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are a jihar Bauchi ya daɗe yana jawo taƙaddama. Mutanen Bauchi na son noman rani kamar na Kano, kuma suna da hujja. Mutanen Yobe da Borno na cewa Jama'are ne ke kawo musu mafi yawan ruwan da ya rage, in aka tare shi, me za su sha? Haka manomin tattasai a Diffa, wanda ba a tambayarsa komai, alhali daga kogin nan yake ban ruwa.

Ba hukumomi aka rasa ba. Tun 1976 akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, suka yi taro a Damaturu, suka amince da asusu na musamman don kula da kogin. Abin da ya rage shi ne cika alkawari: a tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa yadda fadamu za su cika da damina su bushe da rani, a riƙa yashe hanyoyin ruwa kowace shekara, a auna abin da kowane aikin ban ruwa ke sha, a kuma sanar da na ƙasa kafin a buɗe ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, don haka sarkin ruwa, sarkin noma da arɗo su samu kujera a wurin da ake yanke shawara.

Masu sauraro, tambayar da za ku kai wa wakilanku ita ce: a kasafin bana, nawa jiharku ta ware wa kogin nan, kuma wa ke bin sawun kuɗin? Nan muka kawo ƙarshen shirin. Mu kasance lafiya.