Mas'ala a Kan Gyaran Katin Banki

Ga wata mas'ala da aka kawo mini zaure bayan sallar la'asar. Wani tsohon almajirina ne, wanda yanzu yake sayen riɗi a ƙauyukan Roni da Gwiwa yana kaiwa Dawanau, ya zo da katunan banki uku a aljihu. Ya ce, "Allah gafarta malam, kowanne an ce zai mayar mini da wani abu in na yi sayayya da shi. Wanne zan riƙe?" Na ce ya ba ni kwana biyu in bincika, gama ni allo na sani.

To ku sani, abin nan da suke mayarwa, mu a kasuwa gyara muke ce masa. Mai gero ya auna maka tiya goma, sa'an nan ya ɗebo da hannu ya ƙara. Wannan halal ne, domin mai kaya ne ya yi rangwame cikin dukiyarsa. Amma banki ba ya sayar da gero, saboda haka wajibi ne a tambaya daga aljihun wa gyaran ya fito.

Asalin al'amarin daga Amurka ne. A shekarar 1950 aka fito da katin Diners Club a birnin New York, mutum ya ci abinci ya nuna kati, ƙarshen wata ya biya. Bankuna suka ɗauka suka faɗaɗa. Ƙofar samunsu babba biyu ce. Ta farko la'adar da suke cira daga mai kanti, kamar biyu ko uku cikin ɗari. Ta biyu kuɗin ruwan da suke ɗora wa wanda ya makara da biya, wanda a can ya haura ashirin cikin ɗari a shekara cikin 2024. Watau wanda ya makara yana cikin masu biyan gyaran wanda bai makara ba, alhali bai sani ba.

Kati kuwa iri biyu ne. Akwai katin bashi, wanda banki ke biya maka kai kuma ka biya daga baya. Akwai katin kuɗinka, wanda ba ya cire kome sai abin da ka ajiye. Galibin waɗanda ke hannun mutanen Kazaure da Babura irin na biyu ne, ko an rubuta Verve a kansu, ko Visa, ko Mastercard, ko AfriGo wanda Babban Banki ya fito da shi cikin 2023. A farkon shekarar nan ne aka sha wahalar canjin kuɗi, har mai ƙosai ta koyi karɓar kuɗi ta waya.

Amma katin bashi, malaman Majma'ul Fiƙhi na ƙungiyar ƙasashen Musulmi sun zauna a kansa a Riyad cikin 1421 Hijira, daidai da 2000. Suka hukunta cewa in an shardanta kuɗin ruwa a kan jinkiri, bai halatta a karɓe shi ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kan lokaci. In babu sharaɗin, ya halatta, kuma banki na iya karɓar ladan hidima ƙayyadadde. Suka kuma hana sayen zinariya da azurfa da canjin kuɗi da irin wannan kati, domin waɗannan sai hannu da hannu. Masu canjin sefa na bakin iyaka wajen Babura, ku lura da wannan.

Ko a bar maganar hukunci a koma lissafi, abin bai fita ba. A ƙaddara kati yana mayar da ɗaya cikin ɗari, ka kashe naira 200,000, gyaranka 2,000. A ƙaddara ka makara wata guda aka ɗora uku cikin ɗari, an ci ka 6,000. Falke kuwa ya san kuɗinsa sau da yawa suna hannun mutane, ba ranar da ya so suke dawowa ba.

Katin kuɗinka shi ne wurin da ke bukatar natsuwa. Abin da ka ajiye a banki, a wurin malamai da yawa rance ne ka ba shi, kai ne mai bin bashi. Ka'idar da muka karanta a babin ciniki na Risala ita ce rancen da ya jawo wa mai shi amfani bai halatta ba. To in gyaran an rataya shi ga sayayya, ya fito daga la'adar mai kanti ko rangwamen kamfani, da yawa daga malaman zamani sun sauƙaƙa. In kuwa an rataya shi ga yawan abin da ka ajiye da daɗewarsa, kamar asusun wayar nan da ke ƙara maka 'yan nairori kowace safiya, ni a ganina kuɗin ruwa ne aka sake wa suna. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai bankunan da ba su mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki cikin 2012 da TAJ cikin 2019.

Da almajirin ya komo, sai na ce ya kawo littafin cinikinsa. Muka duba, ashe gyaran da aka yi masa alkawari a kan katin waya ne da kuɗin lantarki da sayayyar manyan kantuna, shi kuwa kusan duk kuɗinsa tsaba yake cirowa ya biya manoma. A dokar da Babban Banki ya sa cikin Maris 2025, mai cirowa a injin bankin da ba nasa ba yana biyan naira 100 a kan kowace 20,000, a injin bankinsa kuwa ba ya biyan kome. Ga ladan masu POS na bakin kasuwa, wanda ya fi wannan. Muka tara abin da yake biya a wata, ya ninka gyaran sau da yawa. Mai kantin da ke sarin kaya a Singa yana biya ta waya, lissafinsa dabam ne, shi ya duba kuɗin aikawa.

Na ce masa ya riƙe katin bankin da injinsa ke kan hanyarsa tsakanin Kazaure da Kano, ya bar na biyu don ranar da layi ya ɗauke. Na ukun, da muka sa wani ɗan boko ya karanta mana takardarsa, sai ga sharaɗin jinkiri a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Washegari ya mayar musu da shi.