Ko ka san akwai wayar da ba ta da jiki, tana zaune a cikin kwamfuta?

A watan Nuwamban 2007 kamfanin Google ya saki kayan aikin rubuta manhajojin Android ga duk mai so. A lokacin babu wayar Android ko guda a kasuwa. Ta farko, wato HTC Dream, sai a watan Oktoban 2008 aka fara sayar da ita a Amurka. Duk da haka Google ya sanya gasa mai kyautar dala miliyan 10, kuma kafin a rufe zagayen farko a watan Afrilun 2008, an tura manhajoji sama da 1,700. To, a kan me aka gwada su, tunda ba waya?

A kan wata waya ce da ke buɗewa a fuskar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira emuleta. Tana da allo da maɓallai da ma'adana, tana kunnuwa tana mutuwa, amma duk ilahirinta manhaja ce. Tsarin Android da aka ɗora mata bai san cewa ba a kan ƙarfe yake gudana ba, yana aikinsa kamar yadda zai yi a aljihunka.

Dabarar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1960 injiniyoyin IBM suka gano yadda za a raba babbar kwamfuta ɗaya ta zama kamar da yawa, kowace da nata tsarin, kuma a 1972 kamfanin ya fitar da VM/370 a kan wannan tunani. Amma tushen da emuletar Android ta tsaya a kai shi ne QEMU, manhajar da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara fitarwa a 2003, kyauta, kowa na iya dubawa ya gyara.  

Inda abin yake da daɗin fahimta shi ne batun sauri. Ƙwaƙwalwar yawancin wayoyi irin ta ARM ce, ta yawancin kwamfutoci kuwa ta Intel ce ko ta AMD, kuma umarnin da ɗaya ke ji ɗayar ba ta jin sa. Saboda haka a shekarun farko QEMU aikin tafinta take yi: wayar ta yi magana, ta juya wa kwamfuta, kwamfuta ta aikata, a dawo da amsa. Kowane umarni sai ya bi ta wannan hanya. Shi ya sa masu rubuta manhaja na wancan zamani suka sha jira, ana kunna emuleta a yi mintuna kafin allo ya fito.

Maganin ya zo ta fuska biyu. An shirya Android ɗin da aka gina musamman don ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yadda ba a bukatar fassara. Sannan tun wajen 2005 da 2006 Intel da AMD suka sanya wa ƙwaƙwalensu wata baiwa da ke bai wa tsarin baƙo damar gudana kai tsaye, cikin shinge, ba tare da ya taɓa na maigida ba. A Linux, KVM ce ke amfani da wannan baiwa, kuma ta shiga zuciyar tsarin tun 2007. Matsalar ita ce kwamfutoci da yawa suna zuwa da baiwar a kashe. Ɗalibi zai sauke Android Studio, manhajar da emuleta ke zuwa tare da ita, ya ƙona data mai yawa, ya danna kunnawa, emuleta ta ƙi tashi, ya ɗauka kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi. Sau da yawa abin da ake bukata kawai shi ne a shiga BIOS a kunna VT-x in Intel ce, ko SVM in AMD ce. Sai kuma RAM: gigabait 8 da ƙyar yake ɗauka, 16 ne ke ba da sukuni.

Idan ta tashi kuwa, abin da za ka iya yi da ita ya wuce na wayar hannunka. Kana iya gaya mata tana Zinder alhali kana Kano, ta yarda, taswira ta nuna haka. Kana iya rage mata caji zuwa kashi 5, ko ka jinkirta mata intanet kamar ta ƙauye, ko ka turo mata kira da saƙon gwaji. Kana iya ɗaukar hoton halin da take ciki, ka lalata komai, ka mayar da ita yadda take cikin daƙiƙu. A kwamfuta ɗaya mutum zai ajiye tsohuwar Android da sabuwa, ƙaramin allo da babba.

Apple ya bi wata hanya dabam. Abin da ke cikin Xcode, kayan aikinsa na rubuta manhajoji, ba ya kwaikwayon ƙarfen iPhone, yana gudanar da manhajar ne a kan ƙwaƙwalwar Mac kai tsaye. Yana da sauri, amma sai kana da Mac, kuma wannan sharaɗi ya rufe wa matasa da yawa ƙofa.

Sai dai kada emuleta ta ruɗe ka. Ba ta ɗaukar zafi a rana, batirinta ba ya tsufa, kuma Android ɗinta tsantsa ce, ba ta da ƙarin da kamfanoni irin su Tecno da Infinix da Samsung ke yi wa tasu. Manhajar da ke gudu a kwamfuta mai RAM 16 tana iya daskarewa a ƙaramar itel. Don haka in kana koyon wannan sana'a, ka fara gwaji a emuleta, amma kafin ka saki manhajarka ga jama'a, ka jona mata waya ta gaske, mafi arha da za ka samu, ka ga yadda take yi.