Yawon Ƙafa A Ƙasar Gwiwa, Daga Zuwan Shamuwa Zuwa Tohon Gawo

Malamanmu masu ilmin hisabi sun raba shekara bisa taurari 28, kowane tauraro kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365 ke nan daidai. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Har yanzu manomi ya kan durƙusa ya tambaya, "Allah gafarta malam, Haƙ'a ta kama, ko da saura?" Wannan lissafi a takarda ya ke. Amma akwai wani kuma da ke rubuce a jikin itatuwa da tsuntsaye da ciyayi, wanda ba ya bukatar wasali, sai ƙafa da ido. Mai hawa mota ba ya karanta shi, gama mota ta fi ido sauri. Abin da mu ke so mu shaida wa masu karatu, malamai da 'yan kasuwa, shi ne wannan littafi na biyu ya fara zubar da warƙoƙinsa, kuma cikin waɗanda su ka zube har da na abincinmu da na sana'armu.

Gwiwa tana cikin masarautar Kazaure tare da Roni da 'Yankwashi, a kusurwar arewa maso yamma ta Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991. Ta yi iyaka da ƙasar Katsina. Ƙasa ce ta jigawa da tsakuwa da tuddai, fadamu nan da can. Wanda ya bi hanyoyinta na ƙafa shekara guda, ga abin da zai gani.

Sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa, ƙasa ta yi fari fat, guguwa na tashi da tsakar rana, a nan ne itatuwa ke yin abin mamaki. Ba ɗigon ruwa ko ɗaya, amma sai ka ga tsamiya ta yi sabon toho, ɗorawa ta zubar da jajayen furanninta masu kama da tuntu ta saki 'ya'ya, ɗanya ta cika da nunu yara na jifa, kamar sun ji ƙanshin ruwa tun daga nesa. Ana cikin haka sai shamuwa ta sauka. Baƙa ce, cikinta fari, ba ta kuwa son daji, sai tsamiya ko kuka ta tsakiyar gari, inda ta ke tara ƙirare ta yi sheƙa. Ba mai taɓa ta, kuma daidai ne, gama abincinta fara ne da tsutsar gona. Masu binciken tsuntsaye sun bi sawunta sun gane in ta bar mu da kaka kudu ta ke nausawa, har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda ruwa ke saukowa daidai lokacin da namu ke ɗaukewa. Watau damina biyu ta ke ci a shekara, ba ta san rani ba. Fatake, ku dubi gwanar fatauci: ba ta isa kasuwa sai ranar da ta ke ci.

Daren ruwan fari, shinge da gina su fito su rufe fitila, kwaɗi su cika kududdufi da kuka, alhali jiya ko ɗaya babu. A tafkunan ƙasar Hausa gaiwa ma ta kan farka, wadda ta shige laka tun ruwa na janyewa, ta naɗe kanta cikin yauƙin jikinta, ta yi watanni tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa.

To, sai damina ta kankama. A nan ya kamata mu tsaya mu yi magana sosai. Tsakanin Nasara da Jabha gona ta yi kore shar, mai wucewa ya ce an wadata, amma mai gida ya san lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Me ke riƙe gida a waɗannan makonni? Ganyen da ba wanda ya shuka. Tafasa a bakin hanya, yaɗiya a kan shinge, lalo da gasaya da zaƙi-banza a tsakanin kunyoyi, rama a kan iyaka. Mata su tsinko, a dafa, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, yara su kwana ba da yunwa ba. A manyan shekarun wahala kuwa, irin Kakalaba ta 1914, da farin 1973, da na 1984, mutanen arewa sun kai ga sussukar ƙarangiya, da jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita. Waɗannan tsirrai rumbu ne wanda ba shi da ƙofa, ba shi da mai tsaro, matalauci da mawadaci duk ɗaya ne a gabansa.

Yau fa? Bi gefen gona cikin Agusta, za ka tarar da wurare sun ƙone jawur sai ka ce Disamba. Maganin feshi ne. Ba mu ce ba shi da amfani ba. Kuɗin ƙwadago ya yi nauyi, samari sun tafi birni, mutum ɗaya ba ya iya noman fari da maimai a gona uku. Amma magani bai san tafasa daga harƙiya ba, duk abin da ya taɓa ya kashe. Mafi muni kuma, yarinyar da aka aika tsinkar ganye ba ta san inda aka fesa jiya da yamma ba. In dai ba makawa sai an yi feshi, lalle a bar kan iyaka da bakin hanya, a kuma kafa alama inda aka fesa. Mai tafiya zai lura da wani abu har wa yau: inda ƙuduji ya yi fure ja-ja a gindin gero, ko tumfafiya ta yawaita, ƙasar ce ke faɗin ta gaji.

Kaka ba ta bukatar dogon bayani, kowa ya san ta. Jan-baki su taso kamar hayaƙi, yara su hau rumfa da gwangwani suna kora, fara ta yi ƙiba a kama a soya, shamuwa ta tattara 'ya'yanta, wata safiya ka duba tsamiya ka ga wayam.

Sai dai da kaka ne gamba ke ƙosawa, a nan kuwa maganar ta iso zauren malam. Malam, dubi abin da ke gabanka a kan buzu. Alƙalami tsinken gamba ne ko sillen kara. Allo, wanda ya fi ƙarko ya fi santsi, icen aduwa ne. Tawada zuge ne da ƙaro, shi ƙaron kuwa hawayen dakwara ne da 'yan'uwanta. Gafakar da ka ke sa littafi fatar akuya ce da majema su ka jeme da 'ya'yan bagaruwa. Ran da mutum ya cika, ganyen magarya a ke nema a sa a ruwan wanka. Ashe tsangaya tun daga harafin fari har likkafani a daji ta ke cefane. Da, almajiri ya kan fita bayan gari kaɗan ya yanko gamba. Yanzu gona ta ci saura, ta ci burtali, gamba ta koma sai wadda wani mai hankali ya bari a kan iyakarsa don zana da alƙalami da tare zaizayar ƙasa. Aduwa kuwa, saboda icenta na da nauyi yana ba da gawayi mai kyau, ita masu gatari ke fara nema.

'Yan kasuwa ma da rabonsu a nan. Wannan jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita, har Turawan Ingila su ka sa mata sunan Maroko, don ta can ta ke isa gare su. Ƙaro kuwa yau yana shiga alewa da lemon kwalba da ƙwayoyin magani a duniya duka. Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Cadi da Nijeriya na biye, a Nijeriya kuma Barno da Yobe da Jigawa na cikin masu shi. Na dakwara ne lamba ɗaya, na dushe ke bi masa. Dakwara ta kan soma ba da ƙaro tana shekara huɗu ko biyar. Bayan ɗaukewar ruwa, in ganyenta ya fara zuba, a ɗaye ɓawon reshe kaɗan, bayan wata guda ko fiye a komo a tsince. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 cinikin ƙaro ya rikice. Abin takaici ne a ce mai saye na neman kaya, mu kuwa mun sare itacen mun dafa tuwo da shi.

In hunturu ya busa, kore sai a fadama. Can za ka ga masu lambu sun ja fangali, albasa da tumatir da tattasai da attarugu da latas. Jigo da guga sun kusa zama labari, injin ban ruwa ya gaje su tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Ƙasar Kazaure ta yi suna da tumatir, ɗanye da kauɗa. Masu lambu ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da su ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta bi ta Sifen a 2006 kafin ta iso mu. Baƙi a lambu ba ita kaɗai ba ce. Darbejiya da ke inuwa a kowace ƙofa yanzu 'yar Indiya ce, a 1928 aka kawo ta Barno, ta zauna har ta zama 'yar gida, ana ma daka 'ya'yanta a jiƙa a yayyafa wa shuka don ƙwari. Ƙananan tsuntsayen nan masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a bakin fangali, su ma daga Turai su ke, sanyi ya koro su, kafin damina sun koma.

Wanda ba za ka gani ba shi ne ungulu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san mahauta ba ta rabuwa da ita, ranar kasuwa ta kan jeru bisa rumfuna. Yanzu yaro na iya balaga bai taɓa ganinta ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa ta sa ta a sahun da ya fi kusa da halaka. Guba na cikin dalilai, da farautarta don masu sayen kai da ƙafafu su yi tsubbu. Mushen da ta ke kwashewa kyauta cikin yini guda, yanzu sai ya yi kwanaki yana wari, karnuka da ƙudaje na kai da kawowa tsakaninsa da gidaje.

Saura gawo, mai saɓa wa itatuwa. Da damina, kowa ya yi ganye, shi sai ya tuɓe ya tsaya tsirara. Da ɗari, kowa ya zubar, shi sai ya yi kore. Hikimar da ke ciki a fili ta ke. Ganyensa na zuba daidai lokacin shuka ya zama taki, ba ya tare wa gero rana, da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na nesa tsawo da zangarniya. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun hana saransa da hukunci mai tsanani. A gonakin wannan yanki akwai gawo har yanzu, amma ka lura da kyau: galibi tsofaffi ne, an sassare rassansu don awaki. Ina ƙananan da za su gaje su? Suna nan. Kowace shekara su kan tsiro tare da sabara da kalgo da geza, kowace bazara kuma mai sassabe ya bi su ya sare ya tara ya cinna wuta, don a ce gonarsa fes ta ke.

Maƙwabtanmu na Maraɗi haka su ke yi da, har ƙasarsu ta zama fili, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan dashen itatuwa ya ƙi kamawa, ya lura waɗannan 'yan kurmin da a ke sarewa ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa da ƙarfinta. Dabarar ba wuya. A kowane kututture a zaɓi tsiro mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, a sare saura, a rage ƙananan rassa har rabin tsawonsa, a bar shi. Da ya ke saiwar tsohuwa ce, girmansa ya fi na dashe sauri nesa, ba ban ruwa, ba sayen iri. Da fari dariya aka yi wa waɗanda su ka gwada, ana ce musu masu ƙazamar gona. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa su ka karɓa. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike su ka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa.

Wannan batu na haƙƙi shi ne gaɓar da ta fi wuya, gama ba wanda zai raini gawo shekara uku in ya san wani zai zo da dare ya sare, ko a saki awaki su cinye kansa. Sai mai unguwa da dagaci da liman da ardon Fulani sun zauna an yi magana ɗaya a kan wanda ya sari itacen gonar wani, da hanyar da dabbobi za su bi. Daga Ɓaɓura, wadda ke bakin iyaka, ƙetarawa kaɗan mutum zai yi ya ga gonakin da aka yi wa haka da idonsa. Lokacin aikin kuwa shi ne sassaben bazara, kuma wuƙar ta zama mai kaifi, a yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye.