Kafin Ka Kai Kwamfutarka Gyara, San Matsayin Lasisinta

Akwai wani rubutu mai dishi-dishi da kan fito a ƙasan allon kwamfuta ta hannun dama, yana neman a kunna Windows. Galibi yana bayyana ne bayan an yi wa na'ura fomatin ko an sauya mata wani kaya. Ma'anarsa, Microsoft bai ga shaidar an biya kuɗin manhajar ba. Abin takaici, sau da yawa an riga an biya, domin kuɗin na cikin farashin kwamfutar tun daga kamfani. Rashin sani ne ke sa mutum ya yi asarar haƙƙinsa.

Shaidar iri biyu ce. Ta farko ita ce mabuɗi, haruffa da lambobi 25 da aka kasa gida biyar. A zamanin Windows 7 ana manna shi a 'yar takarda a ƙarƙashin laftof. Daga Windows 8 a 2012, kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo suka koma dasa shi cikin madabod. Ta biyu ta zo da Windows 10 a 2015: Microsoft ne ke riƙe lasisin a wurinsa, ya gane na'urarka da kayan cikinta da zarar ta hau intanet.

Ƙara RAM ko sa SSD a madadin tsohon rumbu ba kasafai yake taɓa lasisi ba. Madabod ne matsalar. Idan aka sauya shi, Windows na ɗaukar wata kwamfuta ce daban. Lasisin da ka saya da kanka za ka iya kai shi sabuwar na'ura, muddin ka daina amfani da shi a tsohuwar. Wanda ya zo tare da kwamfuta kuwa, a kanta yake zama.

Saboda haka, kafin ka miƙa wa mai gyara, shiga Settings ka buɗe shafin Activation. Duba ko Home kake da shi ko Pro, ka rubuta. Masu gyara da dama sukan ɗora Pro a kan na'urar da lasisinta na Home ne, sai ta ƙi kunnuwa. Sannan ka haɗa lasisin da asusunka na Microsoft, don da shi za ka nemi a maido maka idan an sauya kaya.

Ka guji manhajojin fasa lasisi. Yawancinsu kwana 180 suke bayarwa, su riƙa sabuntawa a ɓoye, kuma sai an kashe manhajar tsaro kafin a ɗora su. Ta wannan kafar ɓarayin bayanai ke kaiwa ga kalmomin sirri da asusun banki.

Maganar ta ƙara muhimmanci tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Komawa Windows 11 kyauta ne ga mai lasisi na halal, idan na'urarsa ta cika sharuɗɗan da aka gindaya, ciki har da kayan tsaro na TPM 2.0. Tsofaffin mabuɗan Windows 7 da 8 kuwa an rufe musu wannan ƙofa tun 2023.

In za ka sayi laftof na gwanjo a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwa, ka sa mai shago ya buɗe maka shafin Activation a gabanka. Idan ya nuna wata ma'aikata ce ta kunna shi, lasisin ba naka ba ne, kuma wata rana zai iya tsayawa. Ka tambaya tun kuɗinka na aljihu.