Yadda kuskure a takardun busassun tsirrai ke ɓatar da tarihin dajin Kaduna

Unguwar Kamazou da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, na cikin wuraren da birnin ke faɗaɗa da sauri. Inda a da gonaki ne da dajin Gbagyi, yanzu filoti ne da katangu da shaguna.

Yankin Kaduna na cikin shiyyar dajin da itacen doka ya fi yawa, tare da ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da madobiya. Idan nan da shekara 20 aka tashi mayar da itatuwan asali a wannan yanki, wa zai faɗi abin da ke wurin kafin a sare?

Shaida mafi ƙarfi tana cikin ma'adanar busassun tsirrai. A nan ne masana ke ajiye reshe mai ganye da fure da aka danne, aka busar, aka manna a takarda mai kauri. A gefe akwai ƙaramar takarda mai sunan tsiron, da wurin da aka tsinko shi, da ranar, da sunan wanda ya tsinko.

Ina takardun suke?

Mafi kusa da Kaduna cikin sanannun ma'adanai ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ɗalibai masu binciken magungunan gargajiya ke kai ganye a tantance musu, a ba su lambar shaida. Babbar ta ƙasa kuma tana Ibadan, ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya, FRIN. An kafa ta a 1942, kuma tana da samfuri sama da 100,000.

Da yawa daga cikin tsofaffin samfuran Arewa suna Turai. Dakta John Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewa a farkon ƙarni na 20, ya tattara tsirrai a wurare irin su Sakkwato da Katagum da Zungeru, kuma ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Samfuransa da dama na ma'adanar Kew da ke Landan, mai samfuri kusan miliyan 7.

Yanzu Kew da takwarorinta na ɗaukar hoton takardun suna sa su a intanet. Bayanan kan haɗu a rumbun GBIF, wanda aka kafa a 2001 da hedikwata a Kopenhagen ta Denmak. Yana da bayanai sama da biliyan 2, kuma duk mai waya zai iya dubawa kyauta.

Sai dai ɗaukar hoto rabin aiki ne. Kwamfuta ba ta san Kaduna ba, abin da aka shigar mata shi za ta ɗora a taswira.

“Kaduna” wacce?

Matsala ta farko ita ce wuri. Tsofaffin masu tattara tsirrai ba su da GPS, sunan gari ko lardi kawai suke rubutawa.

Takardar da aka rubuta wa “Lardin Zariya” a zamanin Turawa ba lallai ne daga birnin Zariya ta fito ba, domin lardin ya miƙo kudu har ya wuce garin Kaduna. Idan mai shigar da bayani ya ɗora alama a tsakiyar Zariya, ya tura tsiron nesa da inda ya fito da kilomita masu yawa.

Haka takardar da ke cewa “Jihar Kaduna” a 1980 tana iya nufin Daura ko Funtuwa, tunda sai a 1987 aka cire Jihar Katsina. Wadda kuma ta ce “bakin Kogin Kaduna” kafin 1917 tana iya nufin Zungeru da ke Jihar Neja ta yau, hedikwatar Arewa ta wancan lokaci, wadda ita ma a bakin kogin take.

Akwai kuma tuntuɓen alƙalami. Kaduna na wajen digiri 10.5 arewa da 7.4 gabas. Aka juya lambobin biyu, tsiron Kamazou zai ɓulla a kudancin Taraba. Aka cike gurbin da sifili da sifili, zai faɗa cikin Tekun Atlantika, kudu da Ghana.

Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a bar abin da ke kan takarda yadda yake, a rubuta gyaran a wani gurbi dabam, sannan a faɗi iyakar tazarar da wurin zai iya kasancewa, ko mita 500 ne ko kilomita 30.

Itace ɗaya, suna biyu

Matsala ta biyu suna ne. Sunayen kimiyya na sauyawa idan bincike ya ƙaru. Kaɗanya da tsofaffin takardu ke kira Butyrospermum parkii yanzu Vitellaria paradoxa ce. Gawo ya tashi daga Acacia albida zuwa Faidherbia albida, bagaruwa daga Acacia nilotica zuwa Vachellia nilotica, ɗorawa kuma daga Parkia clappertoniana zuwa Parkia biglobosa.

Idan ba a haɗa tsohon suna da sabo ba, kwamfuta za ta ƙirga itace ɗaya a matsayin biyu, ko ɗalibi ya nemi kaɗanya da sabon suna ya ga kamar babu ita a Kaduna.

Sunayen Hausa ma sun sha wuya. Turawa na rubuta abin da kunnensu ya ji, ba ƙugiya a ɗ ko ƙ, kuma sunan tsiro a Sakkwato kan bambanta da na Zazzau. Kwanan wata ma tarko ne: 3/4/52 uku ga Afrilu ne a tsarin Ingila, huɗu ga Maris a na Amurka. Ga mai bin lokacin da itace ke fure, wata guda ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ba a bayyanawa

Ba kowane bayani ake sakin sa gaba ɗaya ba. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana fita da ita zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tun 2017. Ga irin waɗannan, ma'adanai da dama kan ɓoye ainihin wurin, su nuna yanki kawai, don kada taswira ta zama jagora ga masu sara.

Me ya sa ake gaggawa?

Takarda ba ta dawwama. Ƙwari na ci, danshin damina na ruɓar da ita, gobara kuma ba ta sallama. A 1943 bam ya ƙone mafi yawan ma'adanar Balin ta Jamus, aka yi asarar ɗimbin samfuran Afirka da babu madadinsu.

Bayanan da aka gyara kuma suna da aiki a gabansu. Mai shirin dashen itatuwa zai san irin da ƙasar wuri ta saba da shi. Mai binciken magani zai tabbata ganyen da ya gwada shi ne wanda ya ambata. Mai nazarin sauyin yanayi zai ga ko wani itace na ja da baya zuwa kudu.

Wa zai yi gyaran?

Masani a Landan zai iya gane tsiro daga hoto, amma da wuya ya san ƙauyen da ya sauya suna ko wanda birni ya haɗiye. Wannan sani yana hannun malaman Zariya, da ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, da masu magani a kasuwa, da dattawan Gbagyi na Chikun da suka san dajin tun kafin zuwan bulo.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, intanet, tsofaffin taswirori da haƙuri. Abin da ke ƙarewa shi ne lokaci, domin dattawan da za su iya nuna inda wani tsohon ƙauye yake suna tafiya, filayen kuma kullum ana yanka su.