Bayani a Kan Haɗa Firam na Katako a Gida, da Yadda Ake Gane Mai Kyau

 

Ku sani firam na katako da ake sa wa Ayatul Kursiyyu, ko hoton Ka'aba, ko takardar shaida, haja ce mai tafiya lokacin Maulidi, da dawowar alhazai, da bikin aure bayan kaka. Mutum yana iya haɗa shi a zauren gidansa da rani. Amma ribarsa da hasararsa duka suna ga abu biyu, bushewar katako da haɗuwar kusurwa.

Na farko, katako. Ɗanyen katako kamar ɗanyen gero yake, nauyinsa ruwa ne. In an yi firam da shi, iskar hunturu ta buga shi sai ya tsotse, kusurwa ta buɗe baki, wani lokaci har gilashi ya tsage. Afara da ake sayowa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano yana da sauƙin aiki, sai dai gara tana sonsa. Maɗaci ya fi shi ƙarko da tsada. Darbejiya tamu ta gida gara ba ta cika damunta ba, in an bar ta ta bushe a inuwa. Kada dai a sari ta gandun gwamnati.

Na biyu, lissafi. Hoto mai inci 8 da inci 10, kewayensa inci 36 ne. In faɗin katakon inci 1 ne, a ƙara inci 8 saboda kusurwa huɗu, ya zama 44, wato kusan ƙafa 4. Ke nan tsawon ƙafa 12 zai ba da firam 3. Da wannan ake yanke farashi, a haɗa da kuɗin gilashi, da gam, da ƙusa, da kwali.

Na uku, aiki. A fara fafe gurbin gilashi ta baya da kurfi. A yanka bakin kowane katako da zarto a karkace, digiri 45, na sama da na ƙasa tsawo ɗaya, na gefe biyu ma haka. A shafa gam, a ɗaure da igiya ya kwana, sannan a buga ƙananan ƙusa. A sa gilashi, a sa hoto, a rufe da kwali, a liƙe bakin da takarda don ƙurar hunturu.

To, kai dillali, kafin ka yi ciniki ka auna da zare daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta nan da ta can. In awo bai zo ɗaya ba, firam ya karkace. Ka juya bayansa ka duba, in ka ga ƙananan huji da gari, ƙwaro ya riga ka.

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, kuma baƙi daga Nijar suna zuwa. Wanda ka sayar wa mai aibi da fenti ya rufe, gobe ba zai nemi rumfarka ba, kuma haƙƙinsa yana wuyanka kamar na mai tauye mudu. Wanda ke ɗauke da aya kuma a rataye shi sama, kada a shimfiɗa shi ƙasa.

Allah Ya sa albarka a nema. Haza wassalam.