Tsiron Da Ke Waƙa Yana Cin Mutane

A cikin shekarar 1986, kafin a fito da wani sabon fim mai suna Little Shop of Horrors, masu shi sun tara jama'a a wani gidan sinima a birnin San Jose na jihar Kalifoniya ta Amurka, don a gwada musu shi a ji ra'ayinsu, kamar yadda al'adar masu wannan sana'a take. Tun daga farko mutane ke ta ƙyaƙyata dariya, ana ƙare kowace waƙa sai su ɗauki tafi. Amma da aka zo ƙarshe, inda dodon labarin ya haɗiye yarinya, ya kuma bi da saurayinta, sai gidan ya yi tsit. Da aka tattara takardun ra'ayi, sai aka ga waɗanda suka ce za su ba wani shawarar ya je ya gani ba su wuce 13 cikin 100 ba, alhali kuwa ana bukatar 55 kafin a saki fim a kasuwa.

Abin mamaki shi ne, fim ɗin nan shirme ne tsagwaronsa, kuma masu shi ba su taɓa ɓoye haka ba. To, yaya aka yi mutanen da suka zo dariya suka tashi da ɓacin rai saboda mutuwar waɗanda suke yi wa dariyar?

Asalin labarin dai tsohon fim ne na 1960, marar launi, wanda Roger Corman ya shirya. Shi wannan Corman ya yi suna wajen finafinan araha. Ya sami ragowar ɗakunan wasan da aka gina don wani fim ɗinsa, kafin a rushe su ya ɗauki yawancin wannan cikin kwana biyu da dare ɗaya, a kan kuɗin da ya kama wajen dala 30,000. A ciki ne Jack Nicholson, yana saurayi ba wanda ya san shi, ya fito ɗan lokaci kaɗan. Bayan shekara 22 sai Howard Ashman da Alan Menken suka tono labarin, ɗaya ya tsara baitoci ɗaya ya sa musu kiɗa, suka mai da shi wasan dandamali a New York a 1982. Sai da aka shekara biyar ana yin sa, sau 2,209. Daga nan ne Frank Oz, gwanin wasan 'yar tsana, ya sake mayar da shi fim a ɗakunan Pinewood da ke Ingila, aka kashe wajen dala miliyan 25.

Ga yadda labarin yake. Seymour maraya ne, yaron shagon furanni a wata unguwar matalauta, shagon kuwa ya kusa rufewa don rashin ciniki. Yana son abokiyar aikinsa Audrey amma bakinsa ya yi nauyi. Ran da aka yi husufin rana ya sayi wani baƙon tsiro, ya sa masa sunanta. Tsiron ya jawo masu saye kamar ƙudaje, sai dai ba ya shan ruwa, ba ya son taki, jinin mutum kaɗai yake so. Da fari Seymour yana ɗiga masa daga yatsunsa. Da ya girma sai ya buɗe baki ya yi magana, ya yi wa yaron alkawarin kuɗi da suna da yarinyar da yake so, muddin zai kawo masa nama. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Bahaushe.

Daɗin fim ɗin na farko shi ne ƙarin gishirin da aka yi da gangan, kuma kowa ya san da gangan ne. Titin da ake wasan a kai, ko yaro ya duba ya san gina shi aka yi a cikin ɗaki. Wasu 'yan mata uku masu amshi suna bi lungu-lungu suna rera labarin, kowane fitowa da sabuwar kwalliya, ruwan sama na zuba amma bai taɓa jiƙa su ba. Steve Martin ya fito a likitan haƙori mai baƙar rigar fata da babur, wanda ba abin da ke faranta masa rai kamar ihun marar lafiya, har aka nuna shi ta cikin bakin wanda yake yi wa aiki. Sai ga Bill Murray ya zo a matsayin marar lafiyan da azaba ke yi wa daɗi, duk abin da likita ya ɗauko sai ya ce a ƙara, har likitan ya fusata ya kore shi. Muryar tsiron kuwa ta Levi Stubbs ce, jagoran mawaƙan Four Tops, murya mai kauri da zaƙi, irin ta dillalin da ya san zai ci kasuwa.

Sai dai wannan shirme an sha wahala kafin a same shi. Ba da kwamfuta aka zana tsiron ba, ƙera shi aka yi, kuma mafi girmansa sai mutum wajen 60 sun taru suke motsa shi. Da yake leɓunansa ba su iya bin saurin waƙa, sai aka rage gudun na'urar ɗaukar hoto, ya zama dole Rick Moranis, mai fitowa a Seymour, ya riƙa motsi da buɗe baki a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, in an haska sai kome ya daidaita.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne Audrey. Ellen Greene, wadda ta yi wannan wasa tun a dandamali, ta ba ta siririyar murya kamar ta ɗan tsako da tafiyar ban dariya. Ita ce budurwar likitan nan, kuma dukanta yake yi. Yau ta zo aiki da ido a kumbure, gobe da hannu a rataye. Dukan burinta a duniya bai wuce ɗan ƙaramin gida mai shinge da ciyawa, da injin wanki, da miji wanda ba ya duka ba. An nuna wannan mafarki da launi mai kashe ido, har da tsuntsun zane yana sauka a hannunta, mai kallo ya fara dariya, can sai dariyar ta maƙale masa, domin ita ba wasa take yi ba. Greene ba ta taɓa ƙifta wa 'yan kallo ido don su san ta gane abin dariya ne ba. Da ta yi haka, da ba wanda zai damu ko tsiro ya cinye ta.

A dandamali dai cinye ta yake yi, kuma ba a taɓa yin ƙorafi ba. Frank Oz ya bayyana dalili daga baya: a dandamali, waɗanda suka mutu sukan dawo bayan an tashi su rusuna wa jama'a, a tafa musu, kowa ya tafi gida hankali kwance, amma a fim wanda ya mutu ya mutu ke nan. An sake gwaji a Los Angeles, sakamako bai sāke ba. Tilas aka yanke ƙarshen mai minti 23, wanda aka kashe wa wajen dala miliyan 5, inda tsire-tsiren suka bazu suna rushe New York har suka haye gunkin 'yanci. Aka ɗauki sabo, inda Seymour ya halaka tsiron da wutar lantarki, ya auri Audrey, suka tare a gidan mafarkinta.

Akwai masu ganin an cuci labarin, tunda yaron da ya sassare gawa ya ciyar da dodo ya tsira ba ko ƙwarzane, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Fim ɗin ya fito a watan Disamba na 1986, cinikinsa a sinima bai taka kara ya karya ba, sai a kaset ne ya sami masoya. Ashman da Menken suka wuce kamfanin Disney suka yi waƙoƙin The Little Mermaid a 1989, Ashman ya rasu a 1991 bai ga an maido da ƙarshen da ya rubuta ba. Sai a 2012 aka gyara shi da launinsa aka fitar, ya zama mai saye ke zaɓen wanda zai kalla. Ko a mai daɗin ma, yayin da ango da amarya ke shiga gida, na'ura takan sauka cikin furannin bakin shinge, inda wani ɗan ƙaramin tsiro yake zaune yana murmushi.